Ido Ɗaya da Hannuwan da Suka Cece Shi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin saba da zafin Sakkwato, kin kuma dace da abokan zama na kirki. Allah ya tsare ki a inda kulawarmu ba ta kaiwa, ya sa kin fara karatun nan na likita a sa'a. Innarki tana gaishe ki, Baffanki Sule ma haka.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan Innarki tana yi miki shi a waya har ya yi yawa. Ranar da za ki tafi na so in zaunar da ke, sai gida ya cika da masu sallama, ni kuma ban iya doguwar magana da 'ya'yana a gaban mutane ba. Abin da na so in faɗa miki labarin idona ne. Na san a gabanki aka yi komai, amma kina yarinya, ta waje kika gan shi. Yanzu da kika kama hanyar zama likita, ya kamata ki ji yadda abin yake ga wanda ke zaune a kan benci yana jira a kira shi.

Kin taso kin tarar da ni ina son likitocin zamanin da. Tun ina saurayi na sayi wani littafin Larabci a kasuwar Kurmi mai ɗauke da tarihinsu, na karanta shi har bangonsa ya rabu. Ba sai na jera miki sunayensu ba, kin haddace su tun kafin ki iya ɗaura ɗankwali, kuma a gidanmu da garuruwansu muke kiransu kamar wasu maƙwabta. Akwai mutumin Bagadaza, wanda ya yi ta lura da marasa lafiya har ya rarrabe agana da ƙyanda a zamanin da ake haɗa su wuri guda. Akwai mutumin Bukhara, wanda ya tattara ilimin magani a babban littafi da aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantarwa gabas da yamma. Akwai mutumin Andalus mai ƙera kayan tiyata, wanda ya yi ɗinki a cikin jikin mutum da zaren hanjin dabba don ya narke da kansa. Sai kuma mutumin Mausil, likitan ido.

Duk Laraba da yamma, idan an kusa tashi daga Islamiyya, nakan ba ɗalibai labarinsu ina hura hanci, kai ka ce kakannina ne. So nake yaran su ji cewa mu ma mun taɓa yin abin a-zo-a-gani. Wannan ba laifi ba ne. Inda na kuskure shi ne na ɗauka alfahari da mutum daidai yake da fahimtarsa.

Yanar ido ta fara mini a shekarar da kika gama firamare. Wata rana muna gona da Baffanki ana yankan shinkafa, na ce masa masu injin casa na Kura sun dame mu da ƙona ɓuntu, dubi yadda hayaƙi ya rufe gari. Ya ɗaga kai ya duba, ya dube ni, ya ce, "Yaya, yau babu hayaƙi."

Daga nan sai karatu. Wasulla suka fara ɓace mini, sannan ɗigo-ɗigon haruffa, har ya zama ba na rarrabe ba'un da ta'un sai da ma'anar jimla. Baffanki ya ce mu je asibitin ido a birni. Na ce sai an gama dashen tumatir. Aka gama, na ce sai an cire albasa. Gaskiyar magana tsoron kalmar "aiki" nake. A majalisa ana cewa sukan ciro idon ne su ajiye a faranti su wanke. Ban yarda da wannan zancen ba, amma ya sami wurin zama a zuciyata.

Ana cikin haka, ran kasuwar Bunkure, muka ga mutane sun kewaye wani baƙo a gindin bishiya. Dattijo ne mai farin rawani da jakar fata, ana cewa yana cire yanar ido nan take. Na matsa muka gaisa, na tarar yana ɗan jin Larabci. Na tambaye shi yadda yake yi. Ya ce da siririyar allura yake shiga ta gefen ido, ya tura yanar ƙasa, hanya ta buɗe wa haske. Ummi, wannan shi ne ainihin abin da na karanta a babin ido na tsofaffin littattafan mahaifina. Sai na ji kamar na gamu da ɗaya daga cikin mutanen littafina yana tafiya da ƙafafunsa.

Baffanki ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, mutumin nan ba mu san garinsu ba. In abu ya ɓaci, ina za mu same shi?"

Na ce, "Sule, wannan aikin magabata ne. Da shi aka yi ta buɗe idanu kafin a san wani abu asibiti."

Ya ce, "Ni dai hankalina bai kwanta ba."

Na ce masa ai shi bai karanta abin da na karanta ba. Da na faɗi haka sai ya bar ni, don ƙanena ne.

A wani soro kusa da kasuwa aka yi. Ya fara da na hagu, wanda ya fi lalacewa, ya ce idan kasuwa ta zagayo zai yi na dama. Ba zan kwatanta miki zafin ba. Amma da ya zare allurar sai haske ya shigo, na ga ƙofar soron, na ga yatsunsa a gabana, ko da yake komai ya yi dishi-dishi kamar a cikin ruwa. Na yi hamdala, na juya wajen Baffanki na ce, "To, ka gani?"

Ba a yi mako ba idon ya kumbura ya yi ja. Ciwon kamar an kafa mini ƙusa mai zafi tun daga ido har ƙeya, ina ta amai. Kasuwa ta zagayo, Baffanki ya je neman mutumin, aka ce ya yi gaba. Ko a lokacin da na yarda an kai ni asibiti, wataƙila da an ceci wani abu. Kunya ta hana ni. Ina malami, in je in tsaya gaban yaran likitoci in ce na miƙa idona ga mai allura a kasuwa? Na zauna a ɗaki ana saya mini maganin ɗigawa a kemis har ciwon ya lafa da kansa. Da ya lafa, hasken ma ya tafi tare da shi.

Ga abin da nake so ki riƙe daga nan. Za ki karanta manyan littattafai, za ki zauna gaban manyan malamai, za ki so wasunsu kamar yadda na so nawa. Ki girmama su, amma kada son malami ya sa ki daina tambayar ko abin da ya faɗa yana aiki a jikin mutumin da ke gabanki. Kuma idan wanda bai kai ki karatu ba ya ce miki hankalinsa bai kwanta ba, ki tsaya ki ji dalilinsa. Baffanki bai taɓa buɗe littafin magani ba, tambaya ɗaya ya yi, kuma ita ce tambayar da ta kamata.

Bayan wannan sai na koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Na rantse babu wanda zai ƙara taɓa mini ido, na asibiti ne ko na kasuwa. Na dama ya ci gaba da rufewa har ya zama dare da rana kawai nake rarrabewa. Duk wanda ya kawo mini maganar asibiti, ina da amsa a shirye. Ana ba da labari cewa mutumin Bagadaza shi ma ya makance a ƙarshen rayuwarsa, aka kawo masa mai aikin ido, ya yi masa tambaya a kan yadda ido yake a ciki, mutumin ya kasa amsawa, shi kuma ya ce ba zai miƙa idonsa ga wanda bai san ido ba. Wannan labari na mayar garkuwa. Nakan ce idan babban likita kamarsa ya haƙura da duhu, ni wane ne?

Shekarun nan kin san su. Baffanki ya haɗa gonata da tasa yana nomawa. Innarki ta kama sana'ar gumi, wato turara shinkafa kafin a casa, tana wuni gaban tukunya da hayaƙi, ba ta taɓa ce mini ta gaji ba. Ni kuma ina karantarwa da abin da ke kaina, ke ce mai duba mini rubutun ɗalibai, ke ce mai karanta mini littafi idan na manta wuri. Sau nawa kika makara makaranta saboda ni, ban sani ba, don ba ki taɓa faɗa ba. Ina jin muryarki tana sauyawa, amma a zuciyata kina nan yadda na gan ki na ƙarshe, 'yar siririya mai kitso biyu da jakar leda ta littattafai.

Abin da ya kawo ƙarshen taurin kaina kanal ne, babbar hanyar ruwan nan ta noman rani. Wata safiya na ce zan je gona ni kaɗai in ji ƙamshin dashe, ai na san hanyar tun kafin a haifi rabin mutanen garin. Na ɗauki sandata na fita ba wanda ya sani. Ashe an saki ruwa, an kuma matsar da katakon da muke tsallakawa a kai. Na sa ƙafa inda na saba sai na ji ni a ciki. Ruwan ya ja ni, sanda ta tafi, hula ta tafi, ina laluben bangon siminti yana zame mini saboda gansakuka. Masu dashe a gonar maƙwabta ne suka hango, suka tsamo ni, suka kawo ni gida a kan babur ina ɗigar ruwa.

Innarki ta ba ni busassun kaya ta kawo mini kunu mai zafi. Sannan ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Malam, ina da tambaya."

Na ce ina ji.

Ta ce, "Mutumin Bagadazan nan da kake yawan ambata, lokacin da ya ƙi a yi masa aiki, ya gama rubuta littattafansa?"

Na ce ya gama, ai a ƙarshen rayuwarsa ne.

Ta ce, "To kai me ka gama? Ɗalibanka ba su sauke ba, yaranka ba su girma ba. Kuma shi ka ce tambaya ya yi aka kasa amsawa. Kai wa ka tambaya?"

Washegari na aika aka kira Baffanki na ce ya nemo mana mota.

Likitar da muka samu sunanta Dakta Laraba, mutuniyar Filato ce, ba addininmu ɗaya ba. Hausarta tana da daɗi, sai dai wani lokacin takan ce mini "ki" sannan ta gyara da sauri. Na zauna a kujera na sa haɓata a kan wani ƙarfe, ta haska mini fitila. Ta daɗe a kan na hagun, sannan ta ce, "Baba, me ya sami wannan?"

Wannan tambayar ce na yi shekaru ina gudu. Na ce, "Allura ce, a kasuwa."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ta ce, "An tura ta ƙasa ke nan. Lallai ka sha ciwo. Sannu, Baba."

Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar, ba ta ƙara komawa kanta ba. Ummi, da na san haka za a karɓe ni, da tun ranar da idon ya kumbura na zo. Mutane za su zo miki a makare, sun sha jiƙo, sun yi tsaga, sun je inda bai kamata ba. Kafin su iso gabanki sun riga sun yi wa kansu faɗan da ya fi naki zafi. Idan kika ƙara musu, su dai za su haɗiye, amma za su koma gida su ba da labari, kuma maƙwabcinsu mai irin ciwon ba zai zo ba. Ki yi gyara inda gyara zai yi amfani, amma ki fara da sannu.

Daga nan ta ce, "Ba zan ɓoye maka ba. Na hagu jijiyarsa ta mutu, babu abin da zan iya yi masa. Na dama kuwa yana da rai, yana bin haske. Ina sa ran za ka gani da shi, in Allah ya yarda, amma kowane aiki yana da haɗarinsa, kuma shi kaɗai ya rage maka. Ka yi tunani."

Maganar na hagun ta yi mini zafi, don a ɓoye ina ɗan sa rai. Amma saboda ta faɗa mini mai ɗacin, sai na yarda da mai daɗin. Mai allura bai ambaci haɗari ko sau ɗaya ba.

Duk da haka halina bai bar ni ba. Na ce, "Likita, kafin in amince ina da tambaya. Ido hawa nawa ne a ciki?"

Baffanki ya taɓa ni da gwiwar hannu don in yi shiru. Ita kuwa dariya ta yi kaɗan, na ji ta jawo wani abu daga kan tebur ta sa mini a tafin hannu. Ido ne na roba, girmansa kamar lemo, ana buɗe shi. Ta kama yatsuna tana bi da su hawa-hawa tana faɗa mini aikin kowanne, alhali ga layi a waje. Ta ciro wani ɗan abu kamar ƙwayar wake ta ce wannan shi ne gilashin da Allah ya sa a cikin ido. Ta ce yanar ido ba wata fata ba ce da ta rufe ido daga waje, gilashin nan ne da kansa yake yin fari. Mai allura tura shi yake ya faɗa cikin idon, ya zauna inda ba wurinsa ba, shi ya sa sau da yawa yake tayar da ciwo.

Ta tambaye ni inda na samo tambayar, na ba ta labarin mutanena. Da na zo kan mutumin Mausil sai ta ce, "Wannan na san shi, malaminmu ya ba mu labarinsa. Ai shi ne ya ga turawa ba ta wadatar ba, ya ƙera allura mai rami don ya zuƙo yanar waje. Har yau a cikin kayan aikina akwai siririn bututu da nake zuƙe ragowarta da shi."

Na yi shekaru ina faɗa wa yara cewa mutumin Mausil ya ƙera allura mai rami, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa ya ƙera ta ba. Ashe hanyar da na miƙa idona gare ta da sunan magabata, tun a zamaninsu wani daga cikinsu yake neman abin da ya fi ta. Abin da ya sa suka zama manya shi ne ba su tsaya inda suka tarar da na gabansu ba. Wanda ya gaje su da gaske a ranar nan ita ce matar da ke zaune gabana da idon roba.

Na ce to idan an cire gilashin, da me zan gani? Ta ce za ta sa mini wani na roba a gurbinsa, ta kuma ba ni labarin wanda ya fara yin haka. Wani likitan ido ne a Ingila. Lokacin babban yaƙin duniya ana kawo masa matuƙa jiragen sama waɗanda ɓarɓashin murfin jirgi na roba ya shiga idanunsu, sai ya lura irin wannan robar tana zama a ido ba tare da ido ya yi faɗa da ita ba. Ya ajiye abin a ransa. Bayan yaƙi, wata rana ya gama cire wa wani yana, sai wani ɗalibi da ke kallo ya tambaye shi me ya sa ba a mayar da wani abu a gurbin abin da aka cire. Daga wannan tambaya ya sa aka ƙera gilashin farko. Ta ce manyan abokan aikinsa sun daɗe suna sukarsa, sai da ya tsufa sannan aka girmama shi.

Ki lura da ɗalibin nan. Ba shi da muƙami, wataƙila ma ya ji nauyin buɗe baki. Ke ma za ki tsaya a bayan manya kina kallo, wata tambaya za ta zo miki da za ki ji kamar ta wauta ce. Ki yi ta cikin ladabi. Na san ki da kawaici, irin na Innarki, kuma kawaici ado ne a gida, amma a wajen koyo yana iya zama asara.

Ranar aikin a farke nake, ba a sa ni barci ba. Allura suka yi mini a gefen ido, suka rufe mini fuska da ƙyalle, ina jin ƙarar kayan aiki da muryarta tana cewa, "Baba, kada ka motsa, mun kusa." Ina ta salati a zuci. Babu faranti, babu ciro ido. Kafin in gama shirin jin zafi ta ce an gama.

Da safe ku uku kuka shigo, ke da Innarki da Baffanki. Nas ta ɓare filastar a hankali, ta goge mini ido, ta ce in buɗe. Abin da ya fara ba ni mamaki fari ne. Na manta cewa fari yana da haske haka. Sai na ga Dakta Laraba, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, ni da na zata doguwa ce saboda muryarta. Na ga Baffanki ya yi furfura a gemu. Na ga Innarki ta rame, hannuwanta sun yi baƙi saboda wuta, na kasa daɗewa ina kallonsu. Sannan na shiga dube-dube ina neman ki ta ƙasa, daidai tsayin da na bar ki. Akwai wata budurwa tsaye a bakin gado da hijabi ruwan toka, na ɗauka ma'aikaciya ce, har na ce mata sannu da aiki. Sai ta ce, "Malam, ni ce." Na ɗaga kai na ga fuskar mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, kamar an dawo mini da ita tana budurwa. Kin ga na juya fuska bango a lokacin, kin zaci hasken ne ya dame ni. Ba hasken ba ne.

A hanyar komawa, da muka wuce Kumbotso muka fara shiga gonaki, na sa direba ya rage gudu. Shinkafa ta yi kore shar har iyakar gani, ruwa yana ƙyalli a kanal, ga kwandunan tumatir jere a bakin titi. Shekara da shekaru ina noma a wurin nan ban taɓa sanin yana da kyau haka ba.

Tun daga ranar nake lissafa waɗanda ke da hannu a idon nan guda. Mutumin Mausil da allurarsa, Baturen da aka yi wa dariya, ɗalibin da ko sunansa ban sani ba, matuƙan jirgin da suka ji rauni, malamin da ya koyar da Dakta Laraba, da ita kanta. Ba ƙasarsu ɗaya ba, ba zamaninsu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, yawancinsu ba su san akwai wani gari Kura ba. Allah ne ya jera su, kowa ya miƙa wa na bayansa, har abin ya iso kan wani malamin ƙauye mai taurin kai. Yanzu idan ina ba ɗalibai labari ran Laraba, ba na tsayawa a Andalus, sai na kawo shi har asibitin birni. Ke ma layin nan kika shiga. Ba lallai ne sunanki ya shiga littafi ba, kuma kada wannan ya zama abin da kike nema. Ki karɓi abin da aka miƙo miki da godiya ko daga hannun wa ya fito, ki riƙe shi da amana.

Saura abu ɗaya da ba ki sani ba, don kina makarantar kwana lokacin. Bara na sake ganin mai allurar nan a kasuwar Bunkure, ya tsufa, rawanin ya dafe. A gabansa akwai wata tsohuwa, ɗanta yana riƙe da hannunta. Na zaci idan na gan shi raina zai ɓaci, sai na ji babu komai sai tausayin matar. Na tsuguna kusa da ɗan na ce ya dubi fuskata da kyau. Na nuna na hagu na ce wannan aikin nan ne, na nuna na dama na ce wannan na asibiti ne, ya zaɓa wa mahaifiyarsa.

Dattijon ya gane ni. Bai yi musu ba. Ya ce, "Malam, sana'ar nan gadonta na yi, kuma akwai waɗanda suka gani ta hannuna. Garuruwan da nake shiga, wane likita ne ya taɓa taka su?"

A nan kam ya faɗi gaskiya. Muddin likita yana nesa, mai allura ba zai rasa wanda zai zauna a gabansa ba. Ba ina ɗaura miki cewa lallai sai kin dawo Kura ba, Allah ne ya san inda abincinki yake. Amma duk inda kika zauna, ki riƙa tuna waɗanda mota ba ta kaiwa garinsu idan damina ta yi nisa.

Tsohuwar sunanta Iya Tabawa, daga wani ƙauye bayan Bunkure. Ni na raka su birni da kaina, aka yi mata ido ɗaya, bayan wata biyu aka yi ɗayan. Shekaranjiya sai ga ta a gidanmu ita kaɗai, ba mai ja mata hannu, ta ji labarin 'yar Malam ta tafi karatun likita. Ta kawo kuka da kuɓewa busasshiya da ta daka da hannunta, ta ce a aika miki don ta ji abincin makaranta ba shi da daɗi. Su ne a ƙullin da direba zai ba ki tare da wannan takarda. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka ce mata ta yi karatun da sauri. Ina da ƙanwa a ƙauye, ita ma nata sun fara, kuma ta ce ba za ta yarda da kowa ba sai 'yar gida."

Na ce mata karatun likita ba ya sauri, kuma ƙanwar kada ta jira ki, ni zan kai ta bayan sallah. Amma na yi alkawarin isar da saƙo, ga shi na isar.

Ki kula da salla a kan lokaci ko da karatu ya yi yawa. Ki ci abinci, kada ki riƙa wuni da shayi. Ki kira Baffanki lokaci-lokaci, ba ya faɗa amma yana jin daɗi. Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya buɗe miki abin da ya yi wuya, ya sa waraka a hannunki da taushi a harshenki. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Isiyaku, Kura